Tattaki Ko Mota? Zaɓin Maniyyaci Tsakanin Mina, Arfa Da Muzdalifa A Tsananin Zafi

Ranar da kawuna ya kammala biyan kuɗin kujera, daga banki bai zame ko'ina ba sai gidana a Unguwar Rimi. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya fara magana.

"Alhaji ƙarami, kai da ka riga ni zuwa, ka gaya mini gaskiya. Ni niyyata in na ɗaura harami ba ni ba mota sai na gama jifa. Kakanmu da ƙafa ya je Makka daga ƙasar nan. Ni jirgi zai sauke ni, a ce ɗan tsakanin Mina da Arfa ma sai an ɗauke ni?"

Na ce, "Kawu, Allah ya karɓi niyya. Amma ka bari mu zauna mu yi lissafi tukuna."

Matarsa, wadda tare suka biya, ta riga ta yanke nata hukuncin tun a gida. Ta ce in ya ga dama ya tafi da rarrafe, ita dai mota. Kawu yana da shekara 61, yana shan maganin hawan jini, kuma rabonsa da doguwar tafiyar ƙafa tun da ya sayi mashin. Irin wannan gardama tana tashi a gidaje da yawa duk shekara da an fara bita, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa lissafin da muka yi ko wani zai amfana.

Maganarsa ta kakanni gaskiya ce. Mutanenmu sun daɗe suna bin hanyar gabas, ta Barno su ratsa Chadi su faɗa Darfur, su yi ta tafiya suna yada zango suna noma da ƙodago har su kai gaɓar Bahar Maliya su hau jirgin ruwa. Wasu shekaru suke yi, wasu ba su dawo ba sam, garin Mai Wurno da ke Sudan shaida ne. Sai dai su ba su da jadawali. In rana ta yi zafi su kwanta a inuwa, in damina ta tare su su yi shuka. Kai kuwa kwana 5 ko 6 gare ka, daga 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13, kowace ibada da lokacinta, cikin mutum sama da miliyan ɗaya da rabi.

Ma'aunai biyar kafin a zaɓa

Na farko kuɗi: me za ka ƙara a kan kuɗin kujera? A 2025 maniyyacin shiyyarmu ya biya sama da naira miliyan 8, guzurin da aka ba shi kuma dala 500. Duk abin da zai fito daga wannan guzuri sai an yi masa tunani.

Na biyu ƙarko, wato ko tsarin da ka zaɓa zai kai ka ranar ƙarshe. Wannan ma'aunin shi ne mutane suka fi yin kuskure a kansa. Suna auna kansu da ƙarfin da suke ji ranar 8 ga wata, bayan sun yi wanka sun ci sun ƙoshi, alhali abin dubawa shi ne abin da zai rage musu ranar 12, bayan dare huɗu ba barcin kirki.

Na uku sauƙi: jira, neman hanya, riƙe ayari, samun banɗaki. Na huɗu haɗari, wanda a wannan zamani ya kasu uku, bugun rana, ɓata da turmutsutsu. Na biyar hukuncin ibada, domin babu amfanin tsarin da zai hutar da ƙafa ya jawo maka yanka ko ya taɓa rukuni.

Kafin mu shiga zaɓuɓɓukan, akwai tafiyar da ba ta da makawa, kowace hanya ka bi. Tantunan yawancin alhazan jihohi suna can nesa da wurin jifa, ta ɓangaren da ke kallon Muzdalifa. Ya danganta da inda tantinku ya faɗa, amma kilomita 3 zuwa 4 a zuwa kaɗai ba abin mamaki ba ne, kuma hanyar dawowa daban ce da ta zuwa, sau da yawa ta fi zagaye. Sau uku za ka yi wannan, sau huɗu in ka tsaya har 13 ga wata. Safa da Marwa sau bakwai ya ɗara kilomita 3. Ɗawafi a tsakar fili kusa da Ka'aba gajere ne, amma in cunkoso ya tura ka bene, zagayen yakan ninka sau da yawa. In ka tara, wanda ya hau mota ko'ina ma sai ya taka abin da ya haura kilomita 20. Wanda ya ce zai taka duka, sai ya ƙara Makka zuwa Mina kamar kilomita 7, Mina zuwa Arfa kamar 14, Arfa zuwa Muzdalifa kamar 8, sannan Muzdalifa zuwa Mina. Jimillar tana doshin kilomita 60, wato kamar kashi uku cikin huɗu na tafiyar Kaduna zuwa Zariya. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya ɗauki ruwan nan ya sha.

Zafin kuma ba irin namu ba ne. A aikin Hajjin 2024, wanda ya faɗo tsakiyar watan Yuni, an auna zafi maki 51.8 na ma'aunin Celsius a Masallacin Harami. Ministan lafiya na Saudiyya, Fahad Al-Jalajel, ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba wurin hutawa. Gaskiya ne Hajji yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, ya fara barin tsakiyar bazarar Larabawa, amma Mayun Makka ma yana wuce maki 40 da rana ba tare da wata-wata ba.

Tattaki zalla

Ta fuskar kuɗi babu wanda ya kai shi sauƙi, sai dai ka sani kuɗin motar yana cikin kujerar da ka biya, ba wanda zai mayar maka da canji. Abin da za ka kashe na takalmi ne da laima da gorar ruwa.

Daɗinsa a fili yake, kuma ba zan rage masa komai ba. Akwai titin masu tafiya a ƙafa da ya haɗa Arfa da Muzdalifa da Mina, mai faɗi, da famfunan ruwan sha da na'urorin da ke feso raɓa a wasu wurare. Kana tafiya talbiyya na tashi ta ko'ina, ɗan Indunusiya a damanka, Baturke a hagunka, ba ka jiran direba, ba ka faɗa da kowa a kan kujera. Na ga matasa 'yan Tudun Wada da suka taso daga Arfa a ƙafa bayan faɗuwar rana, suka isa Muzdalifa suka haɗa sallolinsu suka tsinci tsakuwa suka yi barci, mu da muke jiran mota ko motsawa ba mu yi ba.

Inda yake faɗuwa shi ne ƙarko. Tafiyar Mina zuwa Arfa da safiyar 9 ga wata tana cin awa uku zuwa huɗu ga mai lafiya, kuma rana tana fitowa da wuri, kafin hantsi kwalta ta ɗauki zafi. Sai ka isa Arfa a jigace, ka ɓata mafi tsadar yinin rayuwarka kana kwance kana jiƙa tawul. Mutum ya zo daga Kaduna don ya ɗaga hannu ya roƙi Allah a wannan fili, ba don ya yi jinyar ƙafa ba. Kuma washegari ita ce rana mafi nauyi: jifan Aƙaba, aski, ga mai hali kuma ɗawafin ifada da Safa da Marwa. Bororo ɗaya a tafin ƙafa ranar 9 ya isa ya mayar da kowane taku na ranar 11 azaba.

Haɗarinsa na biyu ɓata ne. Arfa fili ne mai faɗi, tantuna kala ɗaya, kuma mota ce ta san ƙofar tantin jiharku, ba kai ba. Wanda ya iso a ƙafa yana iya shafe awanni yana bulayi, askarawa suna tare hanya suna juya shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, mutum ya gaji ya zauna a wajen iyakar Arfa bai lura da manyan allunan iyaka ba, har gari ya waye bai shiga ba. Wannan babu Hajji.

Sannan dokar ƙasar ta sauya. A 2025 hukumomin Saudiyya sun umarci alhazai su zauna a tantunansu ranar Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, suka kuma ja kunne a kan tafiyar ƙafa barkatai ba cikin ayari ba. A 2024 ma an dakatar da fita jifa daga ƙarfe 11 zuwa 4 saboda zafi. Duk tsarin da ka yi a Kaduna, umarnin shekarar ne a gabansa.

Hujjar lada kuwa, wadda Kawu ya fi dogara a kanta, sai a bi ta a hankali. Aya ta 27 a Suratul Hajji ta ambaci masu zuwa a ƙafa da masu zuwa a kan raƙuma, duka an yaba. Manzon Allah (SAW) a kan taguwarsa ya yi Hajjin bankwana. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, hawa ne aka fifita a kan tafiyar ƙafa, littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya faɗi haka ƙarara. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu suna tallafe da shi saboda ya yi bakancen tafiya a ƙafa, sai ya nuna Allah ba ya bukatar mutumin ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau. Akwai malaman da suka fifita tafiyar ƙafa ga mai iko, ba a musu. Kalmar dai ita ce iko.

Motar ayari

Ita ce abin da aka tanadar wa alhajin jiha, ba ƙarin ko riyal ɗaya. Tana ɗaukar ka daga masauki a Makka zuwa Mina, daga Mina zuwa ƙofar tantinku a Arfa, daga nan Muzdalifa. Ta fuskar ƙarko ita ce ke ajiye maka ƙafa domin ranakun jifa, ta fuskar haɗarin ɓata kuma babu kamarta, tunda kana tare da jami'an jiharku da malaman bita da ma'aikatan lafiya.

Farashinta haƙuri ne. Motocin jigila suke yi, su kai wasu su dawo su ɗauki wasu, saboda haka ana iya tashin ku daga Mina tun cikin dare, kuma ana iya barin ku a Arfa har dare ya raba. A shekarar da na je, sai bayan ƙarfe ɗaya na dare muka samu mota, na'urar sanyayarta ta mutu a hanya, muka yi kusan awa biyu a cunkoso ana fifita da kwalin ruwa. Wajen shiga ma ƙarfi ake nunawa, tsofaffi da mata su ne ake barin baya in ba a samu shugaban ayari mai tsayawa ba. Da safiyar 10 ga wata kuwa, daga Muzdalifa zuwa Mina, hanya takan toshe har mutane da yawa su haƙura da motar su taka.

Ta ɓangaren hukunci hankali kwance. A Malikiyya rukunin tsayuwar Arfa shi ne a same ka a cikinta wani ɓangare na dare bayan faɗuwar rana, don haka jiran mota bai rage maka komai ba, ƙarin lokacin addu'a ma ya ba ka. A Muzdalifa kuma wajibin shi ne sauka gwargwadon yadda matafiyi zai sauke kaya, kwana sunna ne. Abin kiyayewa kawai kada direba ya wuce da ku Mina ba ku sauka ba.

Gauraye: mota da rana, ƙafa da dare

Wannan shi ne zaɓina ga mai lafiya, in dokar shekarar ta bari kuma shugaban ayari ya sani. Ka hau mota zuwa Mina, ka hau zuwa Arfa, ka wuni a tanti da ƙarfinka. In rana ta faɗi ku taso a ƙafa ku huɗu ko biyar zuwa Muzdalifa, tafiyar kamar awa biyu zuwa uku saboda yawan jama'a. Bayan Asuba ku taka zuwa Mina kafin rana ta ɗaga. Ka ɗanɗani tattakin da zuciyarka ke so, ka kauce wa jira mafi tsawo, kuma duk tafiyar ba a ƙarƙashin rana aka yi ta ba.

Kada dai a yaudari kai, daren ba sanyi gare shi ba. Duwatsu da kwalta suna amayo zafin da suka haɗiya tun safe, iska kuma ba ta ratsa taron mutane. Ga kaya: tabarma, ruwa, magani, duk a kafaɗarka. Ga shi ba za ku sauka inda motocin jiharku ke sauke mutane ba, sai dai ku haɗu da sauran a Mina. Wanda ya zo da mahaifiya ko mata da ba za ta iya takawa ba, wannan tsari ba nasa ba ne, domin raba ayari a daren Muzdalifa shi ne farkon ɓatan kwana biyu.

Keken turawa

Mutanenmu suna jin kunyarsa, kuma kunyar nan ta kwantar da tsofaffi da yawa a asibitin Mina. Ga mai ciwon gwiwa, mai ƙiba sosai, mai ciwon zuciya ko wanda suga ya kashe wa jin tafin ƙafa, keke ne bambancin yin jifa da kai da aikawa.

Hanya uku ce. Ka saya tun daga nan, ko a shagunan magani na Makka, sau ɗaya ka biya ya yi maka duka kwanakin, har ka dawo da shi ko ka bar wa wani sadaka. Ka duba taya da birki, kuma ya zama mai naɗewa don ya shiga mota. Ko ka ɗauki hayar mai turawa, wanda kuɗinsa ke tashi sosai a ranakun Hajji ya cinye guzuri da sauri, kuma in ba mai izini ba ne askarawa na iya korarsa ya bar ka a tsakiyar hanya. A cikin Harami kuma akwai kekunan aro kyauta da na lantarki na haya don ɗawafi da Safa da Marwa, amma waɗannan ba sa fita zuwa Mina.

Raunin keke ba a ƙarfensa yake ba, a mai turawa yake. Gadar jifa hawa-hawa ce, hanyoyin shigarta suna da gangara mai tsawo, mutum ɗaya ba zai tura babba kilomita 7 kullum har kwana uku ba tare da ya faɗi ba. A samu biyu suna karɓa-karɓa. A kuma riƙa duba na zaune, domin ya fi kusa da kwalta, ba ya motsi, kuma tsoho ba ya yawan cewa yana jin ƙishirwa.

Wanda ko keken ba zai iya ba, akwai wakilci a jifa. A Malikiyya mara lafiyar da ya wakilta yana da hadaya a kansa, wasu mazhabobin ba su ɗora masa ba. A zauna da malamin bita a kan wannan tun a sansanin alhazai na Mando, kada a bari sai an je Mina ana tambayar duk wanda aka gani da gemu.

Sayen kusanci: Tanti A da jirgin ƙasa

Wannan na masu hali ne, galibi ta kamfanonin jirgin yawo. Tanti A yana kusa da wurin jifa, sai tafiyar da ke cin wa alhajin jiha da ke Tanti D mai nisa awanni ta zama ta mintuna. Ƙarin kuɗinsa dubban daloli ne. Jirgin ƙasa na Masha'ir kuwa, wanda ya fara aiki a 2010, tsawon layinsa kilomita 18 ne da tasha 9, uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina, ta ƙarshe tana haɗe da gadar jifa. Ba a zuwa tasha a yanki tikiti kamar yadda ake yi a Rigasa, sai in yana cikin tsarin da aka biya wa tantinku, kuma yawancin alhazan jihohinmu ba sa cikinsa. Ko masu hawansa suna taka ƙafa zuwa tasha su yi layi.

Babban haɗarin nan ba a Saudiyya yake ba, a gida yake. Duk wanda ya ce zai kai ka da bizar ziyara ya shigar da kai ta bayan fage a farashi mai rahusa, ya sayar maka da tattaki zalla ne ba tare da ka zaɓa ba: ba katin Nusuk na shaidar izinin Hajji, ba tanti, ba mota. Irin waɗannan ne kashi 83 ɗin da aka ambata a sama. A tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, a kuma ga nau'in tantin a rubuce.

| Tsari | Ƙarin kuɗi | Ƙarko har ranar 12 | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Tattaki zalla | Babu | Rauni, sai ga wanda ya saba | Ba jira, amma neman tanti da wuya | Bugun rana, ɓata, bororo |
| Motar ayari | Babu | Mai kyau | Dogon jira da turereniya | Zafi a cikin mota, makara |
| Gauraye | Babu | Mai kyau ga mai lafiya | Matsakaici | Rabuwa da ayari |
| Keken turawa | Matsakaici zuwa mai yawa | Ya dogara da masu turawa | Wuya a gangara da cunkoso | Gajiyar mai turawa |
| Tanti A ko jirgin ƙasa | Mai yawa ƙwarai | Mafi kyau | Mafi sauƙi | Damfara tun daga gida |

Turmutsutsu ban sa shi a jadawalin ba saboda ba ruwansa da tsarin da ka zaɓa. Ranar 24 ga Satumba 2015 ya auku ne a kan titi cikin Mina, a hanyar zuwa jifa, kuma Najeriya ta yi asarar mutane da yawa, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da ta taɓa zama editar jaridar New Nigerian a nan Kaduna. Abin da ke hannunka shi ne ka fita jifa a lokacin da aka ware wa ayarinku, kada ka juyo ka fuskanci masu tahowa, kuma in takalminka ya fita kada ka sunkuya ɗauka.

Takalmi da gwaji

Kowane tsari ka ɗauka, ƙafa ce za ta biya. Silifas ɗin banɗaki mai araha ne amma yana tsinkewa, yana santsi a inda aka zubar da ruwa, yana kuma yanka tsakanin yatsu. Takalmin fata irin namu yana da kyau a ido, sai dai in ya sha gumi da ruwa yakan yi tauri ya ci ƙafa. Wanda ya fi dacewa da namiji mai harami shi ne sandal mai laushin tafi da maɗauri, wanda ya bar idon sawu a buɗe. Mata kuwa an sauƙaƙa musu, kambas da safar auduga ba laifi. A saya tun yanzu a Kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Barci a fara takawa da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙe na biyu a jaka, domin wanda ya fito daga masallaci bai ga takalminsa ba ya ce bari ya taka a haka, kwaltar tana iya saɓule masa fatar tafi, musamman mai ciwon suga da ba zai ji zafin ba sai aikin gama ya gama. Maza su nemi basilin marar ƙamshi don tsakanin cinyoyi, harami ba wando gare shi ba.

Sai gwajin da na ba Kawu, wanda ya fi duk bayanin nan raba gardama. Kwana uku a jere, kilomita 8 kowace rana, da takalmin da za ka tafi da shi da jakar da za ka rataya, a Dandalin Murtala ko kan titin Ali Akilu bayan sallar Asuba, waya tana auna maka nisa. Ranar farko kowa gwani ne. Rana ta uku ce alƙali. Yanzu da Hajji ya matso Mayu, makonnin bayan ƙaramar Sallah suna faɗawa cikin bazararmu ta Maris da Afrilu, kuma jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu na motsi a cikin zafi kafin ya saba, don haka damar tana nan a ƙofar gida. Mai hawan jini ya ga likitansa tukuna, domin wasu magungunan suna sa yawan fitsari su ƙarar da ruwan jiki. Mai allurar insulin ya tanadi yadda zai kare ta daga zafi. A sayi ƙullin gishiri da sukari na kemis a zuba a jaka. Kuma a daina dabarar nan ta ƙin shan ruwa don gudun layin banɗaki, ta fi layin illa nesa ba kusa ba. In ka ga abokin tafiya ya fara surutai marasa kan gado, ko yana tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, ka kai shi inuwa ka yi ta kwarara masa ruwa ka kira ma'aikatan agaji, lambar motar asibiti a can 997 ce.

Wa ya dace da wanne

Matashi ko magidanci mai lafiya da ya ci gwajin kwana uku ba ɗingishi, ba shi da tsoho ko mace a wuyansa, ya ɗauki gauraye, da sharaɗin jami'an ayari sun amince. Tattaki zalla ban ba kowa shawararsa a wannan zafi ba, sai dai wanda ya taɓa zuwa, ya san hanya, aikinsa na yau da kullum ma na tafiya ne, kuma shi ma ya yi Mina zuwa Arfa kafin rana ta fito in an bari.

Mai zuwa karo na farko, mai shekara 55 zuwa sama, mai hawan jini ko suga da magani ke riƙe da shi, da duk wanda ya zo da iyali, motar ayari da haƙurinta. Wanda gwiwa ko numfashi ya hana shi kammala ko rana ɗaya ta gwajin, keke da mutum biyu masu turawa, a sa kuɗinsa cikin lissafi tun kafin a fara tunanin tsaraba. Mai hali da zai kai iyaye tsofaffi, in akwai inda dala za ta yi aiki a Hajjin nan to kusancin tanti ne, ya fi otal mai kallon Harami amfani a waɗannan kwanaki.

Kawu ya yi rana ta farko lafiya, har ya bugo mini waya yana dariya. Rana ta biyu ya kammala da kyar. Rana ta uku a daidai gadar Kawo ya tare Keke Napep. Da yamma ya aiko ƙaramin ɗansa ya tambaye ni shagon da na sayi sandal ɗina, ya kuma ce in gaya wa matarsa ta riƙe masa kujera kusa da taga.